Autanmu zai shiga ramin kwal, me ya kamata ya duba kafin ya sauka?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Autanmu shekara uku ke nan da gama sakandare yana zaune, sai makon jiya wani abokinsa ya kira shi cewa akwai aiki a wani ramin kwal can ƙasa, wajen iyakar Kogi da Binuwai. Ba irin wanda ake yaye ƙasa ta sama da katafila ba ne. Rami ne da ake kutsawa cikin tudu, a sara da diga, a turo a baro. Biya kuma da buhu ne, iya abin da ka fitar iya kuɗinka. Hajiyarmu tun da ta ji ba ta runtsa ba. Shi kuwa ya ɗaure kayansa, ya ce ranar Asabar zai kama hanya. Na yi lallashin, na yi faɗan, bai ji ba. To tunda tafiyar ta zama dole, waɗanda suka san aikin nan don Allah ku gaya min: me ke kashe mutane a ramin kwal, kuma me zai iya dubawa da idonsa kafin ya yarda ya shiga?

Abu Haidar: Wa alaikumus salam, Yaya. Na yi karatun haƙar ma'adinai a Zonguldak, garin kwal na Turkiyya, kuma na sauka rami ba sau ɗaya ba lokacin sanin makamar aiki. Kafin ya tambayi kuɗin buhu, ya fara tambayar ƙofa nawa ramin yake da ita. In ɗaya ce, ya juyo gida. A 1862, a mahaƙar Hartley ta Ingila, ƙaton ƙarfen injin jan ruwa ya karye ya faɗa cikin ramin, kuma ramin nan shi kaɗai ne hanyar shiga da fita da shigar iska. Ƙarfen kansa mutum kaɗan ya kashe. Sauran suna ƙasa da ransu, amma hanya ta toshe, kafin a kai gare su bayan kwanaki mugunyar iska ta gama da su. Mutum 204, ciki har da yara. A shekarar nan aka yi dokar cewa kowace mahaƙar kwal sai ta yi mafita biyu.

Ƙofa ta biyu ba don gudu kaɗai ba ce. Iska ba ta shiga wurin da ba ta da hanyar fita. Sai ta shiga ta nan, ta bi ta inda mutane ke sara, ta kwashe gas da ƙura, ta fice ta can, kuma a mahaƙar kirki fanka ce ke jan ta dare da rana. Saboda haka in ya isa, ya tsaya a bakin ramin ya ji ko iska na kaɗa rigarsa. Ya tambaya ina fankar take, kuma in wuta ta ɗauke ko mai ya ƙare, ana fito da mutane ne ko ana cewa a ci gaba.

Mai Loto: Injiniya ya faɗi gaskiya kan iska. Ni shekarata goma sha bakwai a aikin kuza a Filato, ina da ramuka nawa na kaina. Dabararmu tun ta iyaye: kafin kowa ya sauka da safe sai a zura fitilar ƙwai da igiya. In ta mutu, ba mai shiga. Masu haƙar rijiya ma haka suke yi. Ki saya masa ƙaramar fitila ya tafi da ita, Hajiya, ba ta da tsada.

Abu Haidar: Alhaji, don girman Allah a janye wannan shawarar. Na san da kyakkyawar niyya aka ba da ita, kuma a rijiya ko a loton kuza tana da amfaninta, domin can abin tsoron shi ne iskar da ba ta da abin shaƙa, wadda ke kwanciya a ƙasa ta kashe fitila. Amma kwal dabam ne. Kwal yana fitar da iskar gas mai suna mitan, ɗan'uwan gas ɗin girki, sai dai shi ba a sa masa wari ba. Ba ya wari, ba ya launi, kuma ya fi iska rashin nauyi, don haka a saman rami yake taruwa, a lungunan rufi. In ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Ashana, taba, tartsatsin waya da aka haɗa da leda, har bakin diga in ya daki dutse mai tauri. Shiga da fitila mai harshen wuta daidai yake da kunna ashana a kicin ɗin da tukunyar gas ta kwana tana yoyo.

Wannan ne ya sa tun 1815 Humphry Davy ya ƙera fitilar da aka lulluɓe wutarta da ragar ƙarfe, don harshen kada ya fito ya kama gas ɗin da ke waje. Yau na'urar awo ake ratayawa a ƙirji, girman wayar hannu. A dokar Amurka in mitan ya kai kashi 1 a wurin sara, a kashe injuna a gyara iska. In ya kai kashi 1 da rabi, kowa ya fita. Ku duba tazarar da aka bari tsakanin nan da kashi 5.

Kuma gas ɗin shi ne ashana kawai. Itacen wutar ƙurar kwal ce. In mitan ya fashe sai ya tayar da ƙurar da ke kwance a ƙasa da bango, ita ma ta kama, ta tayar da ta gaba, haka wuta za ta yi ta gudu cikin rami. A Courrières ta Faransa, a watan Maris na 1906, haka aka rasa mutum 1,099. Maganinta kuwa ba wani abin mamaki ba ne: a jiƙa wurin sara da ruwa, a kuma riƙa watsa garin farin dutsen nan da ake siminti da shi a bango da ƙasa har ya rinjayi baƙar ƙurar. Mahaƙar da ake kula da ita, in ka shiga bangonta fari-fari za ka gani.

Mai Loto: Na karɓi gyara, Injiniya. Ban taɓa aikin kwal ba, da na sani ban faɗa ba. Hajiya, ki bar zancen fitila.

Anti Nas: Maman Ilham, 'yar'uwa, bari in ƙara da abin da muke gani a asibiti. Kowa a nan ya san labarin iyalin da suka kwana da janareto a baranda ko da gawayi a ɗaki lokacin sanyi, gari ya waye ba wanda ya tashi. Wannan iskar, kabon monoksaid, ita ce ta fi kashe mutane in an yi fashewa ko gobara a ramin kwal, ba wutar ba. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa ke kama shi sau 200 da wani abu. Kuma fitila ba ta mutuwa a cikinta, za ta ci gaba da ci lafiya lau alhali mutum yana mutuwa. Abin da ke ba ni tsoro da ita shi ne yadda take fara aiki: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai ƙafa ta mutu. Yaro zai ce gajiya ce ko zazzaɓi, ya ce bari ya ɗan zauna ya huta. Wannan zaman shi ne na ƙarshe. Ki gaya wa autanku, in shi da na kusa da shi suka ji ciwon kai a lokaci ɗaya, kada su tsaya shawara, su nufi waje, su kira na ciki.

Da can kanari ake shiga da shi a keji, domin tsuntsu yana riga mutum faɗuwa. A Birtaniya sai 1986 aka daina.

Sai kuma ciwon da ba ya zuwa a labarai. Ƙurar kwal da ta dutse in ta zauna a huhu ba ta fita, kuma babu maganin da ke mayar da huhun yadda yake. Shekara goma, ashirin, mutum ya bar aikin ma, sai numfashi ya fara gagararsa, a yi ta ba shi maganin tarin fuka. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar da ke yin ɓarnar, don ita ido ma ba ya ganinta.

Mai Loto: Anti, wannan na janareto ya taɓa ni. Abin da ya sa ake sauka da injin ruwa cikin rami shi ne injin ba ya iya zuƙo ruwa daga nesa, in rami ya yi zurfi dole a matsar da shi kusa da ruwan. Na rasa yaro ɗaya a haka shekarun baya, ɗan maƙocina ne. Ya sauka ya ƙara wa injin mai, bai hawo ba. Na biyun da ya bi shi da ƙyar aka jawo shi. Tun ranar na sayar da injunan fetur na sayi samo, injin da ake nutsawa cikin ruwa, mai aiki da lantarki, janareto yana sama, waya ce kawai ke sauka.

Dattijon Reluwe: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min. Mahaifina ya yi aikin jirgin ƙasa a Inugu zamanin da jirgi da kwal yake tafiya, a can aka haife ni, kuma maƙwabtanmu duk 'yan rami ne. Kwal ɗin nan shi ya kafa garin. An gano shi a 1909 a wajen Udi, aka ja layin dogo har Fatakwal don a kai shi bakin ruwa. Ramukan su Ogbete, Iva Valley, Onyeama da Okpara duk cikin tudu suke kutsawa, irin wanda yarinyar nan ta kwatanta.

Ku duk kuna ta zancen gas. Abin da na fi jin tsofaffin can suna tsoro shi ne rufi da ruwa. Wani maƙocinmu da ya rasa yatsu uku ya sha gaya mana cewa kafin ya ɗaga diga sai ya ɗauki sandar ƙarfe ya ƙwanƙwasa saman kansa. In dutsen ya amsa da ƙara mai kaifi, lafiya. In ya amsa kamar ganga, to ya rabu da na samansa, yana jiran lokaci ne. Ya ce kuma itacen tokara yana magana kafin ya karye, yana ƙara, yana tsagewa, ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan. Wanda ya ji ya tsaya ɗaukar shebur ɗinsa, shi ake tonowa. Yarinya, ki ce wa ƙanenki ya nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a ramin ya manne masa. Kuma kada ya taɓa wuce tokara ta ƙarshe, ko da kwal ɗin da ke gaba yana ƙyalli.

Abu Haidar: Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da kuka faɗa shi ake koyarwa a aji, suna kawai aka sauya masa. Yanzu a manyan mahaƙu dogayen ƙusoshin ƙarfe ake kafawa cikin rufi su ɗinke falalen dutse da juna, amma ƙwanƙwasawar nan ba a daina ba.

Bari in ɗora a kan maganar Baba, don nan ne nake jin tsoron ramin da ake biya da buhu. A irin wannan haƙar ba a kwashe kwal duka. Ana barin wani a tsaye a matsayin ginshiƙi, shi ke ɗauke da tudun da ke sama. To ginshiƙin nan kwal ne, kuma shi ne mafi sauƙin sara, ga shi kusa da hanya. Yau wannan ya ɗan gutsura ya cika buhu, gobe wancan. A Coalbrook ta Afirka ta Kudu, masu mahaƙar da kansu ne suka yi ta rage ginshiƙai don a ƙara yawan kwal. Ranar 21 ga Janairun 1960 wani sashe ya fara ruftawa da yamma, ma'aikata suka gudo, aka ce su koma. Bayan 'yan sa'o'i ginshiƙai ɗaruruwa suka bi juna suka murƙushe. Sama da mutum 430, akasarinsu 'yan ci-rani daga Lesotho da Mozambik, kuma ba a fito da gawa ko ɗaya ba. Lissafin girman ginshiƙi da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa yau, bayan wannan aka zauna aka fitar da shi.

Ruwa kuma, hatsarinsa tsofaffin ramuka ne da aka bari suka cika, ba taswira. Kana sara ba ka san tafki ne a bayan bangon ba. Haka ta faru a Chasnala ta Indiya a ƙarshen 1975, mutum fiye da 370. In bango ya fara gumi, ko ruwa ya fara tsartuwa daga inda jiya a bushe yake, a bar wurin.

Ɗan Agadas: Gaisuwa ga mutanen zaure daga Nijar. Mu nan a Anu Araren, kusa da Cirozerin, gawayin ƙasa ake haƙa tun wajen 1980, da shi ake ba Arlit da Agadas wuta. Amma ta sama ake yaye shi, ba mai shiga ƙarƙashin ƙasa. Na ji an ce na Maiganga a Gombe ma haka ne. Ba wai babu haɗari ba, akwai manyan motoci, akwai ƙura, akwai bangon da kan zaftare. Sai dai sama tana buɗe a kanka. In yaron aikin kwal yake so ala dole, me zai hana ya nemi irin wannan?

Maman Ilham: Ɗan'uwa, ya nema. Can sai kana da takardar tuƙin manyan motoci ko wani a ciki. Ramin nan kuwa ƙarfinka kawai ake tambaya.

Na Allah: Ni fa ina ganin an cika tsoratar da baiwar Allah. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake sai ya tafi. Mutum nawa ke mutuwa a hanyar Kaduna zuwa Kano, an daina shiga mota? Yaro ya tashi neman halal, a yi masa addu'a a bar shi.

Malam na Tudun Wada: Malam Na Allah, ajali gaskiya ne, ba mai musun wannan. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce na'am, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abin da ya fi damuna da wannan kalma shi ne bakin da take fitowa. In uwar mamaci ta ce ƙaddara ce, haƙuri take ba kanta, Allah ya ba ta lada. In mai rami ne ya faɗa, alhali ya san ya ƙi sayen fanka, to yana neman mafaka ne daga haƙƙin rai. Mu daina ara masa kalmar.

Sarkin Yaƙi: Malam ya gama magana. Ni a ganina duk wannan dogon bayani bai taso ba. Gwamnati ta rufe ramukan nan gaba ɗaya. Mun ga abin da ya faru a Garin Liman wajen Ɗan Isa a Nijar a 2021, ramin zinariya ya rufta da mutane aƙalla 18. Mun ga na Galkogo a Shiroro a 2024. Sai yaushe za a ce ya isa? Akwai dokar ma'adinai ta 2007, akwai sashen masu duba mahaƙu a ma'aikatar tarayya. A kama masu ramukan kawai.

Mai Loto: Ƙanena, rufewa a baki take da sauƙi. Na ga an rufe wurare sau da yawa. Abin da ke biyo baya shi ne aikin ya koma dare. Da rana aƙalla akwai mai tsayawa a bakin rami, akwai mai ƙirga waɗanda suka shiga. Da dare kowa ta kansa yake, kuma in rami ya rufta ba mai zuwa ya faɗa wa hukuma, don tsoron kamu. Gawar ma a ɓoye ake binne ta.

Abu Haidar: A nan ina bayan Alhaji, ko da yake ba duka ba. A jihar Meghalaya ta Indiya akwai ramukan kwal da ake kira ramin ɓera saboda ƙanƙantarsu, mutum da rarrafe yake shiga. Kotu ta haramta su a 2014. A Disambar 2018 ruwan kogi ya ɓalle cikin ɗaya daga cikinsu da mutum 15 a ciki. Haramcin bai hana shiga ba, ya dai hana a san wa ke ciki.

Amma inda na rabu da Alhaji: akwai ramin da ba ya gyaruwa, rufe shi ne kawai. Kuma doka tana aiki in an so ta yi. Sin tana rasa kusan mutum 7,000 a shekara a mahaƙun kwal a wajen 2002. Zuwa 2020 adadin da hukuma ta bayar bai kai 300 ba, alhali kwal ɗin da suke haƙa ya ninka. Dubban ƙananan ramuka suka rufe, suka sa injuna, suka fara zuƙe gas daga jikin kwal kafin a sara, suka kuma fara ɗaure shugabanni. Ko mutum bai yarda da alƙalumansu ɗari bisa ɗari ba, saukar ta yi yawan da ba za a musa ba.

Sarkin Yaƙi: To ai ka dawo kan maganata, Injiniya. Hukuma ce. Da a ce kamfanoni manya ne masu lasisi ke aikin, ko gwamnati da kanta, da ba mu zauna muna wannan zancen ba.

Abu Haidar: Ina ma haka ne. Ina Turkiyya lokacin haɗarin mahaƙar Soma, 13 ga Mayun 2014. Babban kamfani ne mai lasisi, mai injiniyoyi, masu duba aiki na zuwa suna sa hannu. Wuta ta tashi a ƙasa dab da canjin aiki, mutum kusan 790 na ciki, 301 ba su fito da rai ba, kuma yawancinsu iskar da Anti Nas ta bayyana ce ta kashe su. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin gwangwanin numfashin da aka rataya musu, tsoho ne, wasu sun buɗe bai yi aiki ba. Shekara biyu kafin nan mai kamfanin ya yi alfahari a jarida cewa ya sauko da kuɗin haƙo tan ɗaya daga wajen dala 130 zuwa ƙasa da dala 24. Ni ko yanzu in na tuna lambobin nan biyu sai jikina ya yi sanyi, don na san wani ɓangare na ragin daga ina ya fito. Na gwamnati kuma? Amasra, Oktoban 2022, mahaƙar hukuma ce, kusa da inda na yi karatu. Gas ya fashe, sama da mutum 40.

Amurka ma da duk dokokinta. A mahaƙar Upper Big Branch a 2010 mutum 29 suka mutu. Bincike ya gano bututun fesa ruwan injin sara wasu sun toshe wasu babu su, garin dutsen da ya kamata a watsa bai isa ba, littafin rahoton haɗari guda biyu ne, ɗaya na nuna wa hukuma ɗaya na cikin gida, kuma in mai duba aiki ya iso ƙofa sai a sanar da na ƙasa su kintsa. Shugaban kamfanin shekara ɗaya aka ɗaure shi.

A duk waɗannan wuraren akwai waɗanda suka ga alama tun da wuri. Abin da babu shi ne wanda zai ce a tsaya ba tare da ya rasa abincinsa ba. Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1995, ta ba ma'aikacin mahaƙa 'yancin ficewa daga wurin da ya ga rayuwarsa na cikin haɗari. Turkiyya sai bayan Soma ta amince da ita. To yaron da ake biya da buhu, in ya fito saboda rufi na ƙara, wa zai biya shi wunin?

Dattijon Reluwe: Wannan tambayar ta tsufa, ɗana. A Iva Valley, ranar 18 ga Nuwamban 1949, ba rufi ne ya kashe mutane ba. Ma'aikata na jan ƙafa a aiki kan haƙƙoƙinsu, 'yan sandan Turawa suka zo kwashe nakiyoyi, suka buɗe wuta. Mutum 21. Ina ƙarami ƙwarai, amma na tashi ina jin matan unguwa suna ambaton ranar. 'Yan ramin can ba su samu abin da suka samu don tausayin kowa ba, ƙungiya suka yi.

Mai Loto: Tunda ni ne mai rami a zauren nan, bari in faɗi abin da masu rami ba sa faɗa. Biya da buhu ba mugunta ce kawai ta kawo shi ba. Ni ma bashi nake ci in buɗe rami, mai ba ni kuɗin yana jiran kaya, in na biya da wuni alhali ba a samu komai ba, wata biyu na karye. Amma gaskiya ne, tsarin yana sa yaro ya ga tokara a matsayin ɓata lokaci, don itacen da ya kafa ba ya shiga awo. Abin da na koma yi bayan rasuwar yaron nan shi ne na ware mutum biyu da nake biya da wuni. Ɗaya aikinsa tokara da duba bango. Ɗaya yana bakin rami da littafi, yana rubuta wanda ya shiga da wanda ya fito, kuma in ya ce a fito, ko ni ban isa in ce a koma ba. Ribata ta ragu. Wasu yaran ma sun bar ni sun koma inda ba a takura musu.

Anti Nas: Alhaji, Allah ya saka da alheri, wannan littafin na bakin rami ba ƙaramin abu ba ne. Maman Ilham, ki ƙara da tambayar asibiti mafi kusa da kuma abin hawan da ke kwana a wurin. Wanda ƙasa ta danne ko ya shaƙi iskar nan, mintoci ne tsakaninsa da mutuwa. Kuma in wani ya faɗi a ciki ba a san dalili ba, kada autanku ya ruga ya ɗauko shi da zuciya ɗaya. Kin ji labarin Alhaji, na biyun da ƙyar ya sha.

Maman Ilham: Jama'a, Allah ya biya ku. Jiya da dare na zaunar da shi na karanta masa duka, tun daga ƙofa biyu har sandar Baba. Da farko yana ta danna waya, da aka zo kan ginshiƙan da ake gutsura sai ya ajiye. Na sa ya kira abokin nasa a gabana muka yi masa tambayoyin. Ga abin da ya ce. Ƙofa ɗaya ce, amma wai ana haƙa ta biyu. Fanka babu, sai dai ramin bai yi nisa ba tukuna, ana hango hasken waje daga wurin sara. Na'urar awon gas bai taɓa gani ba. Tocilar goshi suke sawa irin ta kasuwa. Tokara akwai, da itacen da suke sarowa a daji. Injin ruwa na fetur ne, kuma in an yi ruwan sama ana shiga da shi ciki. Da na tambaye shi ko akwai mai rubuta sunayen waɗanda suka shiga, sai ya ce ai kowa ya san kowa.

Autan ya ɗage tafiyar zuwa bayan damina, bai ce ya fasa ba. Injiniya, na'urar nan ta ƙirji, ana samunta a Kano ko Kaduna? In na haɗa kuɗin adashina na saya masa, za ta wadatar?

Abu Haidar: Ana samu wajen masu sayar da kayan kariya na ma'aikatan mai da gas, Yaya. Ki nemi mai auna iska huɗu, wadda ta haɗa da mitan da kabon monoksaid da iskar shaƙa. Sabuwa, ba ta gwanjo ba, domin hancinta yana mutuwa da shekaru, kuma ki sa mai shagon ya gwada ta da gas a gabanki, ya rubuta miki ranar da za a dawo da ita a sake saita ta. Amma ba za ta wadatar ba. Ihu kawai ta iya, ba ta kawo iska, ba ta riƙe rufi. Ramin da abokinsa ya kwatanta, da injin fetur a ciki da ƙofa ɗaya, ni ba zan shiga ba ko da na'ura uku a wuyana. Ki turo min lambarsa ta akwatin sirri in yi magana da shi da kaina kafin damina ta wuce. Alhaji Mai Loto, in ba damuwa ina so ku ma ku shigo kiran, zai fi jin maganar wanda ya taɓa fito da gawa daga rami.

Mai Loto: Ba damuwa. Bayan sallar isha'i ina gida kullum.